Setin ƙaramin jirgin USRA Mikado: kan jirgin ya yi, taragun da sauransu, takardar tarihin kuma ta yanke labari

Jama'a ga bayanin setin nan na ƙaramin jirgin ƙasa da na siya, wato kan jirgi mai tururi samfurin USRA Light Mikado (USRA hukumar gwamnatin Amurka ce da ta riƙe layukan dogo lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Mikado kuma sunan tsarin ƙafafun kan ne) da taragun kaya guda shida da suka zo tare a kwali ɗaya. A gajarce kan jirgin ya yi kuma ya ci kuɗinsa, taragun rabi da rabi ne sai ka sa musu hannu, sai kuma wata yar takardar tarihi mai shafi biyu da suka cusa a ciki wadda ita tafi tsaya min a rai duk da ba don ita na cire kuɗina ba. Zan zo kanta, don gaskiya ita ce ta sa bayanin nan zai yi tsawo.

Ga wanda bai saba da harkar ba, wannan ba irin jirgin yara bane mai batir. Girman da ake kira HO ne, an rage ainihin jirgin sau 87, faɗin layin dogon nasa milimita 16.5, wuta kuma ta ƙarafan layin take bi ta shiga tayoyi ta kai ga injin. Nawa mai DCC ne da sauti, akwai wani ɗan allon lantarki ɓoye a cikin taragon kwal ɗin da ke bayan kan, shi ke karɓar umarni daga rimot, ka ƙara gudu ka rage, ka busa usur, ka kaɗa ƙararrawa, ka kunna fitila, duk a hannunka. Kuɗin ba kaɗan bane, yan ɗaruruwan daloli ne, kuma sautin nan shi ke cin kaso mai tsoka, in ka ɗauki marar sauti zaka ga sauƙi sosai. Bazan faɗi sunan kamfanin ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma dama kamfanoni da dama sun yi wannan samfurin, abin da zan faɗa zai maka amfani ko na wa ya faɗo hannunka.

Abu na farko da zaka ji in ka ciro shi daga soso shine nauyi. Tukunyar da firam ɗin ƙarfen zubi ne, taragon kwal ne kawai roba, kuma nauyin nan ba ado bane shi ke sa tayoyin su kama layi. Tsarin ƙafafunsa 2-8-2 ne, ƙananan tayoyi biyu a gaba masu jan hanya a kwana, manya takwas a tsakiya su ne masu aikin ja, sai biyu a baya da ke ɗauke da murhun, su ne suka ba da damar a yi murhu mai faɗi da zai ci kwal da yawa ya ba da tururi ba yankewa. A ainihin jirgin manyan tayoyin nan inci 63 ne, silinda inci 26 da 30, kuma da na auna na ƙaramin da ɗan ma'aunina sun zo daidai gwargwado, basu ƙanƙance su don ya samu sauƙin kwana ba kamar yadda wasu ke yi. Fentin baƙi ne wuluk marar sheƙi, bututu da famfon iska da tulun yashi na saman tukunya duk daban aka ƙera su aka manna, ba zane bane a jikin ƙarfe. Ba shi da wata kwalliya, kuma haka ya kamata, don asalinsa ma ba don kwalliya aka yi shi ba.

Inda ya fi burge ni shine tafiyar hankali. Ka sa rimot a mataki na ɗaya ka sunkuya idonka ya zo daidai da layi, zaka ga sandunan nan na gefe suna tashi suna sauka a natse, doguwar sandar da ta fito daga silinda tana turawa tana jawowa, ƙananan sandunan bawul irin na Walschaerts kowanne yana nasa motsin a bayanta, babu karkarwa babu tsayawa ya zabura. Mai arha a nan yake tona kansa, sai ka murɗa sosai sannan ya finciko. Wannan kam rarrafe yake kamar yana jan kaya masu nauyi da gaske. A shimfiɗaɗɗen layi ya ja min taragu wajen ashirin ba tare da tayoyin sun zame ba, a hawa kuma dole ka rage masa. Kwali ya ce yana shiga kwana mai inci 18, wato daga tsakiyar da'irar kwanar zuwa layi, eh yana shiga, amma gaban nasa yana leƙowa waje kuma tayoyin gaba suna yawan sauka a wajen canjin layi, in kana da fili ka yi masa inci 22 ka huta.

Sautin yana da kyau amma ba a saita shi ba ya zo. Kan jirgi mai silinda biyu sau huɗu yake fitar da huci a duk juyi ɗaya na taya, wannan kuwa a ƙaramin gudu hucin yana riga tayar, kunne na jin abu ɗaya ido na ganin wani, sai da na shiga saitin allon na yi ta daidaitawa kafin suka haɗu. Fitilar gaba kuma fara ce fat har da shuɗi shuɗi, alhali ta wancan zamanin ƙwan fitila ne mai hasken ruwan ɗorawa. Ƙaramin abu ne amma a wannan kuɗin bai kamata ya wuce musu ba. Sannan matakala ɗaya ta taragon kwal a karye ta zo, na tura wa mai shagon hoto, amsar ta jima sosai kafin ta zo, amma dai sun turo wata kuma basu karɓi ko sisi ba.

To yanzu takardar. Abin da ta ce a dunƙule shine Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, kawunan jirgi suka yi ƙaranci, kaya suka tsaya cik, sai gwamnati ta karɓi layukan ta ƙera sabbin kawuna irin wannan, shikenan aka samu mafita. Ba ƙarya suka yi ba kai tsaye, amma wallahi duk wanda ya karanta wannan ya tsaya a nan bai fahimci abin da ya faru ba, kuma labarin gaskiyar ya fi wannan daɗin ji nesa.

Tun kafin Amurka ta shiga yaƙin ranar 6 ga Afrilu 1917, odar Ingila da Faransa da Rasha ta riga ta cika layukan. Kuma ka lura da wani abu, kayan duk gefe ɗaya suke tafiya. Alkama da nama daga tsakiyar ƙasar, ƙarfe daga wajajen Pittsburgh, kwal, harsasai, albarushi, komai gabas ya nufa, bakin Tekun Atlantika, New York da Philadelphia da Baltimore, ƙasa guda tana juye kaya cikin mazurari mai ƙaramin baki. Sai kuma a Fabrairun 1917 Jamus ta saki jiragenta na ƙarƙashin ruwa su nutsar da duk jirgin da suka gani ba tambaya, jiragen ruwan da za su kwashi kayan suka ragu. Tarago ya iso tasha da lodi, babu jirgin ruwa, sito ya cika, to ina za a sauke? Sai a bar kayan a ciki. Tarago ya koma sito mai taya. Kuma taragon da ba a sauke ba ai bazai koma yamma ya ɗauko wani lodin ba, shi yasa a lokaci ɗaya manomi a yamma yana kukan babu tarago, a gabas kuma taragu sun yi yawa har babu inda za a ajiye su. Zuwa ƙarshen 1917 taragu masu lodi fiye da 100,000 ne suka maƙale a yankin gabas, filayen shantin, inda ake jera taragu ana rarraba su, suka cika, cunkoson ya yi ta komawa baya yana toshe manyan layuka ɗaruruwan mil daga bakin teku.

Nan ne maganar ƙarancin kawuna take shigowa, kuma nan ne takardar ta yi tsalle. Kan jirgin da ya jawo kaya ya zo ya tarar fili a cike, a gefen layi zai tsaya yana jira, wuta na ci kwal na ƙonewa ruwa na ƙarewa, bai matsa ko taku ɗaya ba. Ga dokar 1907 da ta hana ma'aikatan jirgi wuce awa 16 a bakin aiki, in lokacin direba da fayaman mai zuba kwal ya cika a wajen jiran nan dole su sauka a nemo wasu. Tafiyar da ya kamata kai ɗaya ya yi ya dawo ya sake ɗaukar wata, sai ta cinye masa kwanaki. Kaga kenan ko da adadin kawunan bai ragu ba, aikin da kowanne ke yi ya ragu, kuma a idon mai kaya wannan sunansa ƙaranci. Da a ce a wannan watan an sauke musu sabbin kawuna dubu daga sama, da yawansu layin jira kawai za su shiga.

Ban ce babu ƙarancin gaske ba, akwai. Shekaru kafin yaƙin kamfanonin reluwe suna cikin matsi, hukumar gwamnati mai suna ICC ce ke yanke kuɗin dako kuma bata cika yarda a ƙara ba, kuɗin kwal da ƙarfe da albashi kuma yana ta hawa, a 1915 kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawon layukan ƙasar yana hannun masu kula da kamfanonin da suka karye. Wanda ke wannan halin baya siyan sabon kai, lallaɓa tsoho yake. Da yaƙi ya zo kuma manyan maƙera irin su Baldwin da ALCO hannunsu ya cika da odar ƙasashen waje da ta sojan Amurka da za a kai Faransa. Makanikai da masu gyaran tukunya da yawa suka bar loko, wato wajen gyaran kawuna, wasu soja ya ɗauke su wasu suka koma masana'antun makamai da na jiragen ruwa inda aka fi biya. Kawuna suka taru suna jiran gyara babu mai taɓa su. Sai hunturun 1917 zuwa 1918 ya sauko, ɗaya daga cikin mafi tsanani da yankin ya gani, dusar ƙanƙara ta rufe layi, bututun kawunan da aka bari a waje suka daskare, kwal ya daskare a cikin tarago ya zama dunƙule ɗaya sai an fasa kafin ya zubo, kuma a irin wannan sanyin kan jirgi baya iya jan nauyin da ya saba. A New York ma akwai ƙarin matsala, yawancin layukan a gefen New Jersey suke ƙarewa, sai an ɗora taragu ko kayan a kan kwale-kwalen dako an tsallaka ruwa da su, ruwan kuma ƙanƙara ta kama shi.

Akwai kuma abin da gwamnati ta jawo da hannunta, shima takardar bata ko taɓa shi ba. Kowane ofishi na soja da na sojan ruwa da masu kwangila an basu damar manna wa kayansu tambarin a fara wucewa da shi, kowa kuma ya ga nasa ne mafi gaggawa, har aka kai a sashen Pittsburgh na layin kamfanin Pennsylvania kusan kashi 85 cikin ɗari na kayan suna ɗauke da wannan tambarin. Ka yi tunanin ma'aikacin fili da dare cikin sanyi, an ce ya zaro tarago ɗaya mai tambari daga tsakiyar layi mai taragu hamsin, sai ya janye na gaba duka ya kai wani layin, ya ciro wannan, ya maido sauran, kafin ya gama wata takardar ta iso. Aikin shantin ya ninka, kawunan da ya kamata suna kan hanya suna nan suna kai da komo a cikin fili.

Su kamfanonin sun gwada da kansu, a Afrilun 1917 suka kafa kwamitin yaƙi na shugabanni biyar ƙarƙashin Fairfax Harrison na Southern Railway, kuma sun ɗan taɓuka. Amma kwamitin ba shi da ikon tilasta wa kowa, doka kuma ta hana su haɗa ciniki su raba riba, to wane kamfani ne zai miƙa wa abokin gasarsa lodi don kawai layin wancan ya fi kusa? Kowa ya riƙe nasa. A ƙarshe ranar 26 ga Disamba 1917 Shugaba Woodrow Wilson ya sanar gwamnati ta karɓi ragamar layukan, ya fara aiki ranar 28, aka kafa USRA aka ba William McAdoo, sakataren baitulmali kuma surukin Wilson ɗin, shugabancinta.

Abin da ya buɗe hanyar ba ƙarfe bane sabo. An riƙa tafiyar da layukan kamar na mutum ɗaya, lodi ya bi hanyar da ta fi kusa ko ta wane kamfani ce, tasha da fili a yi amfani da su tare, jiragen fasinja da ke gasa a hanya ɗaya aka soke da yawansu don a samu kawuna da layi. Aka ɗebo kawuna daga inda suke da ɗan sarari aka kai gabas, wanda ya lalace a gyara shi a lokon da ya fi kusa ko ba na kamfaninsa bane. Aka ƙara tarar ajiye tarago ba a sauke ba. Sannan babbar cikinsu, aka hana loda kayan fita waje sai da izini, sai an tabbatar akwai inda za a sauke su a can. A Janairun 1918 abin ya kai jiragen ruwa suna tsaye a New York da kayan yaƙi sun kasa tashi don kwal ɗin da za su ƙona yana maƙale a cikin cunkoson, har Harry Garfield mai kula da makamashi ya ba da umarni a rufe masana'antun gabashin kogin Mississippi na kwana biyar daga 18 ga wata, sannan a riƙa rufewa duk Litinin na wasu makonni. An zage shi sosai a lokacin. Amma ka duba girman abin, ƙasa tana tsakiyar yaƙi ta kashe masana'antunta don dogo ya samu numfashi.

Wani abin da nake so da sun saka ko a layi ɗaya shine kawunan Rasha. Gwamnatin Rasha ta yi odar kawuna masu tsarin 2-10-0 da yawa daga Amurka, juyin juya halin 1917 ya zo, guda 200 suka rage ba a tura ba. Layin Rasha ƙafa biyar ne faɗinsa, na Amurka ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, sai aka sa musu tayoyi masu faɗin baki don su zauna a layin Amurka aka raba wa kamfanoni. Waɗannan sun shiga aiki ba tare da an jira zane ko ƙira ba.

Shi kuma wannan Mikadon namu yaushe ya zo? USRA ta tara injiniyoyin maƙera da na kamfanonin reluwe suka fitar da samfuri 12 na bai ɗaya, daga ƙananan na shantin 0-6-0 da 0-8-0 har zuwa ƙatti 2-8-8-2, aka ba da odar kawuna 1,930 da taragu 100,000. Na farko da ya fito shine lamba 4500 na Baltimore and Ohio, Light Mikado ne irin wannan da ke gabana, Baldwin suka gama shi ranar 4 ga Yuli 1918 cikin kwana 20, kuma har yanzu yana nan a gidan tarihin Baltimore and Ohio da ke Baltimore. To ka lissafa da kanka. Mafi munin cunkoson a Disamba da Janairu ne, da bazara ta shigo hanya ta riga ta fara buɗewa, kan farko ya fito a Yuli, yaƙi ya tsaya 11 ga Nuwamba. Da yawa daga cikin kawunan nan ma bayan an daina harbi suka iso. Ta yaya za a ce su suka warware cunkoson?

Wannan bai rage masa daraja a wajena ba ko kaɗan, darajarsa a wani wajen take. Kafin USRA kowane kamfani da nasa zanen, kusa da bawul da famfo na wannan basa shiga na wancan, kan jirgi in ya bar layin gidansu ya lalace to ya zama ɗan baƙo babu kayan gyaransa. Wannan an zana shi ne ya taka kusan kowane babban layi ba tare da ya fi ƙarfin gada ba, kuma kowane loko ya iya gyara shi. Manyan kamfanoni sun yi ta gunaguni an ɗora musu abin da basu nema ba, Pennsylvania ma daga baya sai da ta canja wa nata 2-10-2 ɗin murhu zuwa irin wanda ta saba. Amma ga hujjar da ta fi kowace, Light Mikado guda 625 aka ƙera a ƙarƙashin USRA, bayan an mayar wa masu su layukan ranar 1 ga Maris 1920, babu mai tilasta wa kowa, kamfanoni suka ci gaba da yin odar kwafinsa da kuɗinsu har kwafin ya fi na asalin yawa. Shi yasa ma masu ƙera ƙananan nan suke son sa, ƙira ɗaya sai su buga mata sunayen kamfanoni iri iri kuma duk gaskiya ne.

Ba kuma cewa nake mulkin gwamnati ya zo a kyauta ba, a 1918 an ƙara kuɗin dakon kaya da kashi 25, an ƙara albashi, duk da haka baitulmali ya yi ta cike giɓi, har yau masana basu daina jayayya a kai ba. Amma darasin tashar ruwa ya zauna. A Yaƙin Duniya na Biyu tun da wuri aka kafa tsarin kar a tura tarago bakin teku sai an san jirgin da zai karɓi kayan, kuma da kawuna ƙasa da na 1918 suka ja kayan da ya fi na wancan nesa ba tare da irin wancan toshewar ba. Duk wannan zai shiga shafi biyu in an so, sun zaɓi su cika rabin shafi da hoton tuta.

Abin da ya ƙara min zafi shine taragun, don su ne zuciyar labarin kuma su aka fi yi wa aikin gaggawa a setin. Zaɓin samfurin dai daidai ne, akwai rufaffu guda uku masu jikin katako da ƙarafan da suka tokare shi ta waje, akwai na kwal guda biyu masu mazubi biyu a ƙasa irin na tan 55, sai buɗaɗɗe ɗaya. Daga nesa sun yi kyau, layin katakon ya fito, rubutun jikinsu ana karantawa har ƙananan lambobin nauyi. Da ka ɗaga ɗaya sai ka ji fayau. Ƙungiyar masu harkar ƙananan jirage ta Amurka, NMRA, tana da shawarar nauyi ga girman HO, oza ɗaya sannan a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawon taragon, rufaffe irin wannan ya kamata ya kusa giram 110, nawa da na ɗora a sikeli ko kusa basu kai ba. Sakamakon shine in ka sa su a gaba ka jera masu nauyi a bayansu, da an shiga kwana sai kan ya finciko su ciki su kwanta. Tayoyinsu roba ne, suna kwasar datti suna shafa wa layi, datti kuma shi ke yanke wa kan wuta sauti ya ɗauke. Ƙugiyar haɗi ɗaya ta zo ƙasa da sauran, tana sakin jirgi a duk inda layi ya ɗan yi tudu.

Duk ana gyarawa. Rufin rufaffun yana ɓallewa da farce, ka manna ƙarfe a ƙasa daidai saman tayoyi kar ka tara shi a tsakiya ko gefe ɗaya, na kwal kuma ka ɓoye nauyin a ƙarƙashin lodin ƙarya. Ka canja tayoyi zuwa na ƙarfe masu inci 33 na girman HO, ƙugiyar da ta sauka ka sa mata siririn zobe irin wanda ake sa wa noti a tsakanin jiki da ƙafar taragon ta ɗago. Bayan na yi musu haka tafiyarsu ta canja gaba ɗaya har ƙarar tayoyi a mahaɗar layi ta fito. Amma kuɗi ne a kan kuɗi, kuma sabon shiga da ya buɗe kwali yana murna bazai san me yasa jirginsa ke faɗuwa ba, zai zata shi ne bai iya ba.

Don haka in kan jirgin kake so kuma ana sayar da shi shi kaɗai, ɗauki shi kaɗai ka tara taragu masu kyau a hankali, nan ne kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. In setin ne kawai ka samu to ka sa kuɗin tayoyin ƙarfe da na nauyi a lissafi tun farko. Wanda kuma yake son shimfiɗa yanayin hunturun 1917 ɗin kansa, filin tasha cike da taragu ba motsi, ya sani wannan kan bai riga ya zo duniya ba a lokacin, tsofaffin 2-8-0 zai nema da taragun katako masu yawa, Mikadon nan na shimfiɗar ƙarshen 1918 ne zuwa shekarun 1950.